Asusu Mai Shan Ruwa

In ka shiga kasuwar Goronyo ta wajen 'yan albasa, ka bi warin har inda ya ƙare, za ka tarar da wata 'yar rumfa da ta karkace gefe guda kamar mai son jin hirar maƙwabta. Nan Baba Sale mai dalma yake zama. Aikinsa yanka gwangwani da liƙe shi: mazurari, ludayin awon mai, fitilar aci-bal-bal, da toshe gindin bokitin da ya huje. A da, ranar kasuwa sai ka jira kafin ya ɗago kai ya dube ka. Yanzu roba ta cinye kasuwar. Ba ta tsatsa, ba ta neman dalma, in ta fashe a yar a sayi wata. Baba Sale yakan ce shi bai riƙe ta a zuci ba. Sai dai in ya ga bokitin roba ya tsage a bakin rijiya, yakan tsaya ya kalle shi fiye da yadda ya kamata.

Ba haifaffen Goronyo ba ne. Mutumin Magarya ne ta ƙasar Wurno, kuma kafin ya riƙe almakashin ƙarfe, jigo ya ja a fadamar mahaifinsa. Yaran yanzu ba su san jigo ba, injin ban ruwa suka tarar. Doguwar sanda ce a kan gwafa, bakinta ɗaya da igiya da guga, ɗayan kuma an ɗaura masa dunƙulen laka. Ka ja gugan ya nutse, nauyin lakar ya taya ka ɗago shi. Da wannan aka shayar da albasar da ta yi wa Sale aure.

Matar tasa, Mairo, ita ce bakin gidan. Shi mutum ne mai tsimin magana, ita kuwa ko da kaza sai ta yi muhawara. Takan ce ta auri mutumin da ke jin yaren gwangwani amma bai iya na mutane ba. Da ta rasu, 'yan shekarun nan, sai gidan ya yi shiru irin wanda har kunne yake yi wa ciwo. Ya sayar da kajin, don sun riƙa dubansa kamar yana da bayanin da zai yi musu. Tuwo yakan saya a kwano, ya ci a ƙofar ɗaki, ya wanke kwanon, ya kife shi a inda take kifewa.

Ɗiya ɗaya Allah ya bar musu, Mas'uda, tana aure a Kaduna. Takan kira shi ranar Juma'a. In sun gama gaisawa sai ta ce, "Zo ki gaishe da Baba," sai ya ji wata 'yar murya ta ce "Ina wuni" da sauri, sai ƙarar takalma ta yi nisa. Wannan ita ce jikarsa Mashkura. Rabonsa da ganinta tun tana goye. Yanzu an ce har ta fara famfara. Duk sauran tsofaffin layin suna da jikokin da ke ja musu gemu, suna ce musu tsoho mai ran ƙarfe, su kuma suna ce musu amarya marar girki. Shi tasa amaryar, da za su haɗu a kasuwa, sai ta wuce shi.

Azumi ya yi nisa Mas'uda ta kira ta ce za su zo Sallah. A Rabah za su sauka, wajen dangin mijinta, amma washegarin Sallah za su leƙo Goronyo da hantsi, su juya bayan la'asar, don hanya ba ta son yamma. Baba Sale ya ce to, Allah ya kawo su lafiya. Ya ajiye wayar ya dubi tsakar gida. Daga hantsi zuwa la'asar. A ɗan wannan tsakanin ne zai sa yarinyar ta san shi, har ta so ta sake dawowa. Da Mairo na nan, da ta cika gidan da ƙamshin suya da surutu, yarinya ta saki jiki ba ta sani ba. Shi kuwa abin da ya mallaka gwangwani ne.

Sai ya ce zai yi mata asusu. Ba irin na ƙasa da ake huda wa baki ba, wanda kuɗi ke faɗawa ka ji ƙwal shi ke nan. Jigo zai yi mata.

Ya sami gwangwanin madara babba, ya wanke, ya liƙe murfin da dalma, ya yanka ɗan rami a sama. Wannan ce rijiya. A gefenta ya kafa gwafar waya mai kauri. Sandar jigon kuwa ƙarfen wilin keke ce, ya huda ta ya zura allura don ta yi lilo ba gardama. A baki ɗaya ya rataya ɗan guga da ya yi da marfin kwalba, a ɗayan ya ɗaura noti. In ka sa kuɗi a gugan, nauyinsa zai sunkuyar da sandar, gugan ya shige rijiya. Can ciki akwai ƙusa da ya liƙa a karkace. Gindin gugan na taɓa ta sai ya tuntsure, kuɗin ya zube, notin ya ɗago gugan sama fanko. Ya tono tsofaffin sulallan da Mairo ta bari a cikin kwalla ya gwada. Gugan ya sauka, aka ji ƙwal, ya taso yana rangaji. Baba Sale ya yi dariya shi kaɗai a rumfa, har mai albasar kusa ya leƙo ya ga ko lafiya.

Da yamma ya kai wa Malam Alfred ya gani. Malam Alfred malamin makaranta ne daga Pankshin, yana haya a gidan da ke jingine da nasa. Iyalinsa na can gida, sai hutu yake ganinsu. Su biyun sukan zauna a dakali bayan an sha ruwa, kowa da irin shirunsa, kuma duk azumi Malam Alfred ba ya cin komai a gaban tsohon sai an kira magariba.

Malam Alfred ya sa sule, ya ga gugan ya nutse ya taso. Ya sake sawa. Sai da ya yi ta yi kamar ba shi ne mai gemu ba, sannan ya ce, "Baba, abin ya yi kyau. Amma ina yarinyar za ta sami sule?"

"Mi kac ce?"

"Goron Sallah ai takarda ake ba yara yanzu. Yaushe rabonka da ka ga an yi ciniki da kuɗin ƙarfe?"

Baba Sale ya dubi sulallan da ya zo da su. Shi da ke zaune a kasuwa kullum, shi da ake miƙo wa takarda, wani lokaci ma a nuna masa fuskar waya a ce an tura. Malam Alfred ya zaro sabuwar takarda, ya ninke ta ƙanana ya ɗora a gugan. Gugan bai ko gyara zama ba.

"Kuɗɗin zamani," in ji Baba Sale. "Ko nauyi ba su da shi."

"Shi ya sa ba sa zama a aljihu, Baba."

Sauran azumin a kan wannan ya ƙare. Takarda ba ta da nauyi, don haka dole abin da ke ɗaya bakin ya rinjayi gugan da ɗan kaɗan kawai, kaɗan ɗin da takarda za ta iya kayarwa. Ya sa ƙaramin noti, ya yi nauyi. Ya goge shi da magagari, ya zarce. Ya gwada tsakuwa, ya gwada ɗigon dalma. Ranar jajibere, yana zaune ya tasa abin a gaba, sai ya ji kunyar kansa. Wane jigo aka taɓa yi wa nauyi da ƙarfe? Ya tashi ya tafi bakin fadama ya ɗebo laka mai danƙo. Laka ai tsunkula ake yi. Ya mulmula, ya liƙa, ya rage ɗan ƙiris, ya mayar da rabin ƙiris ɗin, har takarda ninkakkiya ta saukar da gugan a hankali kamar sabuwar amarya za ta zauna, ya zubar, ya taso. Ya ɗora shi a kan taga ya rufe da hula.

Bazara ce, irin ta Goronyo, wadda ko inuwa ke neman inuwa.

Washegarin Sallah tun da safe ya share tsakar gida, ya sake sharewa. Sai wajen azahar motar ta tsaya, don a Rabah an riƙe su da gaishe-gaishe. Mas'uda ta shigo ta durƙusa ta gaishe shi, idonta na zuwa ƙofar ɗakin uwarta yana dawowa. Mijin ya gaisa ya tafi masallaci. Mashkura kuwa ta maƙale a bayan zanen uwar, da lalle a hannu da 'yar jaka mai ƙyalli, tana leƙensa da ido ɗaya.

"Wagga ita ta amaryar tawa?" in ji shi. Ya daɗe yana shirya wannan maganar. "To ina tuwona?"

Yarinyar ta ƙara shigewa cikin zane.

Sai ya ɗauko asusun ya ajiye a tabarma, ya ɗage hular. Gugan na can ƙasan rijiya. Ya ɗago shi da yatsa, ya saki, ya koma ya nutse. Ya sake ɗagowa, ya sake nutsewa. Ya taɓa lakar, ya ji ta bushe ƙamas, ta yi fari, har ta fara tsagewa. Da danshinta ya auna ta. Zafin kwanakin nan ya shanye ruwan, ya tafi da ɗan nauyin da ya sha wahalar daidaitawa. Babban jigo ba ya damuwa da wannan, dunƙulensa ya kai kan mutum, kuma hannu na taya shi. Wannan kuwa rayuwarsa duka ɗigo biyu ce.

"Baba, bar shi mana, ai ta gode," in ji Mas'uda.

Ya ci gaba da ɗago gugan yana saki. Kunnuwansa sun yi zafi. Yana jin inuwar katanga na matsowa, la'asar na tafe, shi kuma ga shi da gwangwanin madara a gaban baƙuwa.

"Me ya same shi?"

'Yar muryar nan ce da yake ji a waya, amma wannan karon ba ta gudu ba. Ta fito har gefen tabarma.

"Lakar ta ta bushe," ya ce. "Ƙishirwa shika ji."

"To a ba shi ruwa mana."

Ya dube ta. Ya jawo buta, ya tsoma yatsa, ya ɗiga a kan lakar. Ta shanye. Ya ƙara. Yarinyar ta ce, "Kawo, kai hannunka rawa yake," ta tsoma nata mai lalle ta ɗiga. Lakar ta yi duhu. Can sai sandar ta motsa, gugan ya fara tasowa sannu sannu, ya leƙo bakin rijiya ya tsaya yana lilo.

Mashkura ta yi ƙara. Ta zazzage jakarta, ya nuna mata yadda ake ninke takardar kuɗi, ta ɗora. Gugan ya sauka, ya juye, ya dawo fanko.

"Ina ya kai min?"

"Rijiya."

"Fito min da shi."

"Asusu ba shi da ƙohwa, amarya. Sai ranar da ya cika a hwasa."

"Kai ɓarawo ne, tsoho!"

"Mashkura!" in ji uwar.

"Ƙyale ta," ya ce. "Tsakanina da matata na."

Kafin la'asar duk goron Sallar da ta tara a Rabah ya shige rijiya. Ta tambaye shi mene ne jigo, ya ba ta labarin fadamar Magarya, da albasa, da wata yarinya mai surutu da ke kawo fura bakin rijiya tana ce masa ya cika shiru. Mas'uda ta ce ba ta taɓa jin ya yi magana mai tsawon haka ba. Ta tashi ta shiga ɗakin uwarta ta ɗan jima.

Da mijin ya danna ham a waje, Baba Sale ya ɗauki asusun zai kai mota. Mas'uda ta dubi siririyar sandar da ɗanyar lakar, ta ce, "Baba, ramukan hanyar nan, kafin Rabah ya karye. Ga kaya, ga ragowar nama." Gaskiya ta faɗa, shi ma ya sani. Ya tsaya riƙe da abin a tsakar gida, bai san inda zai ajiye shi ba.

Mashkura ta karɓa da hannu biyu, ta kai shi kan taga da kanta.

"A nan zai zauna. Kuɗina na ciki, kada ka taɓa. Kuma kullum ka ba shi ruwa. In na dawo na ga ya nutse, na sake ka."

"Yaushe za ki dawo?"

"Ai bai cika ba," ta ce, kamar mai yi wa yaro bayani. Ta ruga mota.

Da yamma Malam Alfred ya ji labari a dakali, ya yi dariya har da tari. Sannan ya ce, "Baba, ai gyaran mai sauƙi ne. Ka bar lakar ta bushe sarai, ka ƙara wata, ka auna ta a bushe. Shi ke nan, ba sai an riƙa ba shi ruwa ba."

"Na sani," in ji Baba Sale.

Bai gyara ba. Har yau, in ya dawo daga masallaci da safe, kafin ya ɗauki almakashi ya nufi kasuwa, yakan tarar gugan ya nutse. Sai ya tsoma yatsa a buta ya ɗiga, ya tsaya yana jira har ya taso. Ranar Juma'a kuwa in waya ta yi ƙara, ba a cewa kowa ya zo ya gaishe shi. Muryar ce ke fara shigowa, ko sallama babu: "Tsoho, ka ba shi ruwa?"

Sauran ranakun mako, gidan na nan shiru yadda yake.