Daddawar Bayan Hutu

Umma ta fi shan aiki a lokacin da babu mai sayen abincinta. Tuwo da miya take yi wa ɗalibai 'yan gida masu karatu a nan ƙasar waje, a unguwarmu ta Pantai Dalam, su zo ƙofarmu su yi tapau, wato a zuba musu a roba, su wuce da shi. Da dogon hutu ya matso sai ciniki ya mutu, ita kuma ta shiga shirin dawowarsu. Daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji ba a samunsu a kedai, wato shagon unguwa, sai a jakar matafiyi. Duk mai zuwa gida sai ta ɗora masa saƙo tun bai sayi tikiti ba.

"Malam, daddawa ce kawai, ba nauyi."

"Hajiya, bara ma haka kika ce. Har yau rigunana warinta suke yi."

"To in ka dawo ka ci tuwonka gaya."

Sai ya yi dariya ya amsa.

Ƙawata ɗaya ce a lokacin, 'yar maƙwabtanmu na hawan sama. A makaranta ba na magana. Malayanci yana maƙale mini a wuya, Turancin ma kafin ya fito an wuce wurin. Ita kaɗai nake yi wa Hausa, a bas, ƙasa-ƙasa. Kowace shekara mamanta ce ke ɗauko kaso mafi yawa, kuma takan bar wa Umma makulli mu riƙa buɗe musu tagogi, don damshin garin nan yana sa tufafi fumfuna.

A wannan shekarar na ji Umma ta raba wa kowa saƙo, ban ji ta ambaci maman ƙawata ba. Na hau sama na tarar an cire labule. Tukunyar shinkafarsu kuwa na gan ta a hannun wani sabon ɗalibi, na gane ta da mariƙinta da aka ɗaure da waya. Na san babanta ya gama karatu, amma ba wanda ya ce mini komai.

Na kasa tambayar ƙawata ko za su dawo. Sai na ce, "Makullin fa?"

"Baba ya ce a ba mai gida." Ta mintsine ni a dantse. "Ke kin cika sa ido, lah," in ji ta, da irin ƙarashen maganar 'yan garin.

Da na sauko na ce, "Umma, wa zai kawo daddawar bana?"

"Allah zai kawo, 'yar nan. Miƙo mini murfin can."

Hutun ya yi mini tsawo. Kullum bayan azahar ruwa ya sauko, ni kuma ina baranda ina kallon jirgin ƙasa yana wucewa. Idan Umma ta aike ni kedai nakan ɗaga kai. Tagogin su ƙawata a rufe, har gilashin ya fara yin baƙi daga ciki.

Da ɗalibai suka fara dawowa, wani ya ajiye leda a ƙofarmu ya ce daga tsofaffin maƙwabtanmu ne, sun tare a Zariya. Daddawa ce, kowane ƙulli an ɗaure shi da robar kitso mai launi, an nannaɗe ta har ta yi tauri, yadda ƙawata ke ɗaure bakin kitsonta.

"Kin gani, ba su manta da mu ba," in ji Umma, ta ɗora tukunya.

Na zare roba guda na sa a yatsa. Ranar komawa makaranta na zauna kusa da taga a bas, na ɗora jakata a kujerar gefe. A tasha ta gaba wata yarinya ta tsaya a kaina ta nuna kujerar.

"Boleh?" in ji ta da Malayanci, wato ko za ta iya zama.

Na ɗauke jakar na rungume, ta zauna.