Tampol a Gindin Fangali

Har gobe ban manta da ranar da Hajiya Hawwa ta same ni a sarwis, wato ofishinmu na noma, a Gaya ba. Tsakiyar damina ce, ina malamar gona mai kula da lambunan cikin gida. Ga waɗanda ba su san aikin ba, mu ne muke shiga gidaje muna koya wa mutane yin fangali mai tudu: a kewaye wuri da katako ko bulo, a cika shi da ƙasa da taki har ya ɗaga. Ruwan Gaya yawa gare shi, shukar da ke ƙasa nutsewa take yi.

Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malama, salatin Alhaji yana mutuwa. In salatin nan ya mutu, Alhaji hanya zai koma."

Mijinta, Alhaji Seyni, direban kamyo ne, babbar motar kaya, da ya tsufa a hanyar Kotonu. Idonsa ya yi rauni, likita ya hana shi tuƙi, ƴaƴansa suka lallashe shi da lambu. Shi kuwa ya kafa sharaɗi: in lambu bai yi ba, a ba shi makullin motarsa. Na gaya wa shef, shugabanmu, ya ce in ɗage rangadin garin Tanda in je.

Gaskiya ban taɓa ganin fangali mai kyau irin nasa ba. Katakon bodin mota ne, ƙusoshi a jere, faɗinsa daidai yadda hannu zai kai tsakiya. Amma salati ya yi rawaya, tumatir ya langaɓe. Na tura yatsa a ƙasar, ya ƙi shiga. Da na tona gefe, sai wari ya taso, ga ruwa kwance.

Na ce, "Baba, yaya ka zuba ƙasar nan?"

"Yadda ake lodi mana, ɗiyata. A zuba, a danne, kada kaya su motsa."

"Me ka shimfiɗa a gindi?"

Ya gyara hula. "Tampol ɗina, kada taki ya tsiyaye. Daga bakin teku har Agadas, ɗigon ruwa bai taɓa ratsa shi ba."

Dariya ta taso mini, na haɗiye ta da ƙyar. Na ce masa lodi ya yi kyau, da a ce buhunan shinkafa ne. Amma saiwa iska take so, ruwa kuma hanyar wucewa yake nema. Na faɗa masa gaskiya ban rage ba: ko a kwashe komai a ciro tampol lafiya, shuka ta mutu, ko a sassauta ƙasa a huda tampol, shuka ta samu sa'a.

Ya tsura wa fangalin ido. Hajiya tana tsaye a bakin madafa. Tausayinsa ya kama ni, don na san abin da nake roƙo. Direba ba ya hawa hanya da hudajjen tampol, kuma wannan ne ya fi ji da shi cikin abin da ya rage a hannunsa na mota.

Can ya shiga ɗaki, ya fito da ƙarfen cire taya. Na miƙa hannu zan karɓa.

"Matsa, Malama," in ji shi. "Ni zan yi."

Ya yi bismilla, ya caka ƙarfen har ƙasa, ya sake cakawa. Muna tsaye ruwa ya fara gangarowa ta ƙarƙashin katako. Hajiya ta juya ta shige madafa tana share ido da mayafi.

Tumatir bai tashi ba, ya riga ya ruɓe. Salati kuwa ya farfaɗo, har aka aiko mini da shi ofis.

Shi ya sa nake gaya muku, ku masu tasowa, kafin ku taɓa ƙasar mutum ku tambaye shi sana'ar da ya bari, don da ita zai shigo lambu. Ni ranar na tafi gyaran fangali ne, ban san sallamar hanya zan gani ba. Alhaji Seyni bai sake tambayar makulli ba.