Ƙarfen Birkin Yayana

Yayana bai taɓa taka birki da ƙafa ba, amma ya yi shekara goma sha ɗaya yana tuƙi. Shan inna ta shanye masa ƙafafu biyu yana ɗan shekara huɗu, kafin a haife ni, don haka ban san shi a tsaye ba. Na dai san shi da faffaɗar kafaɗa da taurin kai irin wanda ke sa uwa ta gaji ta yi shiru. Tun muna yara abu ɗaya ya tsana a duniya: wani ya sauke gilashin mota ya miƙo masa sadaka. Ko makaranta za shi a kan kekensa na guragu, gara ya zagaya ta lungu ya ƙara rabin awa da ya bi ta mahaɗar da fitilar ba da hannu take, inda masu irin lalurarsa ke jiran motoci su tsaya.

Ya daɗe yana gyaran agogo da rediyo a ƙofar gida kafin ya sayi wata tsohuwar mota mai canza giya da kanta. Dangi suka ce ya zautu. Shi kuwa ya nemo wani tsoho mai walda, suka kwashe sati uku a rumfarsa, tsohon yana auna tsawon hannun Yaya da igiya, yana lanƙwasawa yana warwarewa, har ya ƙera masa wani ƙarfe guda a gefen sitiyari. In ya ja shi mota ta tafi, in ya tura ta tsaya. Sau uku masu ba da lasisi suka gwada shi, suna neman inda zai kuskure, suka rasa. Shekara biyu bayan nan tsohon ya rasu, bai bar zane ba, bai kuma koya wa kowa ba.

Ƙwai Yaya yake ɗauka. Masu gonar kaji sun gane cewa ƙwai ba ya son direba mai rawar kai, shi kuma hannunsa ya fi ƙafar kowa sanyi a kan birki. Ya cire kujerar baya, ya shimfiɗa katifa, yana jera kiret arba'in, yana raba wa masu shago tun da safe. 'Yan uwansa direbobi suka sa masa suna Sannu-Sannu, ya karɓa hannu biyu. Da wannan motar ya yi aure, da ita ya kai matarsa asibiti haihuwa uku. Abin da ya fi masa daɗi ma ba wannan ba ne. Wata rana a cunkoso wani direba ya leƙo ya zage shi, ya ce in ya isa ya sauko su gwada ƙarfi. Sati guda Yaya yana ba da labarin yana dariya har da hawaye, don mutumin bai ga komai ba sai direba ɗan uwansa.

Kowace shekara yana biyan cikakkiyar inshora, ba 'yar takardar nan da ake nuna wa 'yan sanda a hanya ba. Ni ce kan gaba wajen yi masa tsiya, ina cewa yana ciyar da masu zaman ofis a banza. Amsarsa ɗaya ce kullum: «Ke in motarki ta mutu sai ki hau ƙafarki.»

Ranar da abin ya faru motar tana tsaye ne ma a gaban wani shago, ana sauke kaya. Wata tifa ta yi baya ba ta duba ba, ta danne masa gefen hagu daga but har ƙofar baya. Da na isa, ruwan ƙwai na ɗiga ta ƙarƙashin ƙofa, shi kuma yana zaune a mazauninsa da ɗan tsagu a gira, yana ba direban tifar haƙuri don ya ga mutumin ya gigice. Injin ko ƙwarzane bai yi ba. Ya ce mini in kwantar da hankalina, ai saboda irin wannan rana yake biya.

Kamfanin inshora ya ce a kawo takardar ƙiyasin gyara daga gareji. Wuyan Yaya ya riƙe, sai ni na tafi wurin abokinsa mai gyaran jikin mota, wanda kowa ke kira Fanabita. Ya zagaya motar, ya ƙwanƙwasa nan ya shafa can, ya ce aikin sati biyu ne, ya rubuta abin da zai ci tsakaninsa da Allah.

A nan ne na tsoma baki. Shekarata ashirin ina sayar da yadi, kuma ban taɓa ganin wanda ya biya farashin farko ba. Ka faɗi sama, mai saye ya faɗi ƙasa, ku haɗu a tsakiya, kowa ya tafi yana jin ya yi wayo. Na ce wa Fanabita ya yage wannan takarda, don mutanen nan sai sun raba ta biyu, sannan wa zai cika sauran? Ya sosa ƙeya, ya ce shi bai saba ba. Na ce to yau ya saba. Ƙofar da ya yi niyyar bugawa ta miƙe ya rubuta sabuwa, ya ƙara fitilu, ya ƙara fentin mota gaba ɗaya, ya ce ƙashin motar ma ya karkace alhali lafiyarsa ƙalau. Har dariya muka yi. Na koma gida ina jin kaina, ban gaya wa Yaya ba, wai sai kuɗi sun fito in ba shi labarin ƙoƙarin ƙanwarsa.

Bayan kwana goma mai duba ɓarna ya zo daga kamfanin, wani siririn mutum mai takalmi mai sheƙi. Ya ɗauki hotuna da waya, ya duba shekarar da aka ƙera motar, ya duba nisan da ta yi, ya duba takardarmu. Bai taya ba, bai ce a rage ba. Na tsaya ina jiran a fara ciniki, shi kuwa ya shiga motarsa ya tafi.

Wasiƙar da ta biyo baya gajeriya ce. Ta ce kuɗin gyaran ya haura darajar motar, saboda haka sun ɗauke ta a matsayin wadda ta lalace gaba ɗaya. Za su biya abin da tsohuwar mota irinta take yi a kasuwa, su ɗauke gawar motar. Yaya ya karanta sau biyu, ya miƙa wa matarsa, ya ce wataƙila kuskure aka yi. Ni kuwa na san ba kuskure ba ne.

Muka je ofishinsu. Kantar da ake tsayawa ta fi ƙarfin mai zaune a keke, goshin ma'aikaciyar kawai yake hangowa. Daga ƙasa ya yi mata bayani, a hankali, cewa injin na tashi, cewa wannan motar ba kamar sauran ba ce, ita kaɗai ce yake iya tuƙawa a duniya. Matar ba muguwa ba ce, ta zagayo ta tsaya kusa da shi tana saurare. Ta ce in yana so zai iya riƙe gawar a rage masa kuɗi, amma takardun motar an riga an soke su, ba za ta sake hawa titi ba. Ya tambaye ta shekara goma sha ɗaya da ya yi yana biya fa? Ta ce ai shi ya sa za a biya shi.

Washegari na koma ni kaɗai, da takardar gaskiya da na sa Fanabita ya sake rubutawa. Na ajiye girman kai na faɗa wa ma'aikaciyar komai, har na durƙusa, ni da ban taɓa durƙusa wa mai saye ba. Ta dubi takardar ba ta taɓa ta ba, ta rage murya.

«Baiwar Allah, mayar da wannan cikin jakarki, ban gan ta ba. Takarda biyu daga gareji ɗaya, kuɗi iri biyu. In na karɓa, dole in tura wa masu binciken zamba. Yayanki ba zai sami ko sisi ba, mai garejin kuma ya shiga uku.»

Na fito na zauna a kan matakala na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar mahaifiyarmu. Da na bar takardar farko yadda take, da yanzu mota tana gareji ana buga mata ƙofa.

Muka shiga yawon wuraren sayar da motoci. Abin da za a biya shi bai kai ya sayi mai canza giya da kanta ba, sai dai wadda ake turawa kafin ta tashi. Masu walda uku muka samu, kowanne ya ji bayanin ƙarfen sai ya girgiza kai, ya ce in birki ya ƙi wa za a kama? Masu gonar kaji suka yi haƙurin sati uku, sannan suka ɗauki wani mai a-kori-kura, kuma ban ga laifinsu ba, kaza ba ta daina ƙwai don direba na cikin matsala. Yaya ya daina fitowa ƙofar gida. Matarsa ta ce mini da safe yakan farka a lokacin da ya saba, ya sa rigar aiki, sannan ya zauna a bakin gado. A ƙarshe ya sa hannu a takardar kamfanin.

Aka ba mu takardar shiga filin da suke tara motocin da za a yi gwanjonsu, don mu kwashe kayanmu. Layi-layi suke, kowacce an rubuta mata lamba da farin fenti a gilashi. Tamu tana can ƙarshe, tana warin ruɓaɓɓen ƙwai. Yaya ya tambayi mai gadi ko zai iya cire ƙarfensa. Mai gadin ya buga waya, ya dawo ya ce an ce ya ɗauka, masu sayen kayan gyara ba su da abin yi da shi.

Ya kama ƙofa, ya ɗaga jikinsa daga keke ya faɗa mazauninsa kamar yadda ya saba. Makullin na jiki. Ya murɗa, mota ta tashi bugu ɗaya, tana kaɗawa lafiya lau. Ya ɗora hannu a kan ƙarfen, ni kuma na kasa riƙewa. Na ce masa ni ce na sa aka ƙara kuɗin, ni na kashe masa mota.

«Na sani,» in ji shi. «Fanabita ya zo ya yi mini kuka tun ranar da wasiƙa ta iso. Miƙo mini sifana a ƙarƙashin kujera.»

Da ma zagina ya yi. Ya kashe injin, ya sunkuya ya kwance notunan ɗaya bayan ɗaya, ya zuba su a aljihu, ya ɗora ƙarfen a kan cinyarsa.

Tasin da ta kawo mu ta gaji da jira ta tafi, kuma sai an tsallaka babban titi ake samun wata. Wurin tsallakawa ɗaya ne, a gindin fitilar ba da hannu. Na ce mu zagaya, mai gadi ya ce babu wata hanya. Na tura keken har bakin titi muka tsaya. Jar fitila ta kama, motoci suka jeru a gabanmu. Sai gilashin wata farar mota ya sauka, hannu ya fito da 'yar takardar kuɗi a ninke.

Yaya bai ɗaga kai ba. Hannunsa na dama na ga ya tura ƙarfen gaba da ƙarfi, har jijiyoyi suka fito. Mutumin ya ƙara miƙowa, ya ga koriyar fitila ta kama, sai ya jefo kuɗin a kan cinyar Yaya ya ja motarsa.

«Ɗauke mini wannan,» in ji Yaya.

Na ɗauke. Har muka tsallaka ban san inda zan sa takardar ba, tana dunƙule a hannuna ina tura shi.