Bappa Ya Tafi Kasuwa

Goro ne ya fara ɗauke mini ido. Fari ne guda ɗaya, an naɗe shi a ganye, an ɗora a kan murfin randar da ke ƙofar ɗakin wata tsohuwa. Na kuma hango wanda ya ajiye shi, wani dattijo dogo mai farar hula, yana komawa da sanɗa. Shekarata sha tara a lokacin, littattafan soyayyar da na karanta sun fi ƙarfin akwatina. Nan take zuciyata ta ce mini ga labari ya zo har gida.

Gidan a unguwar Limawa ta Jimeta yake, katanga ɗaya da namu. Na wata tsohuwar nas ne 'yar wajen Numan, kowa Mama yake ce mata. Shekarar da mutanen Mubi da Michika da Madagali suka kwararo Yola a guje, ta buɗe ɗakunan da mijinta ya bari ta zuba tsofaffi. Da abin ya lafa masu ƙarfi suka koma garuruwansu, aka bar waɗanda ƙafa ta gaza da waɗanda ba su da wurin komawa.

Mama ta yi imani zaman shiru ya fi hawan jini saurin kashe tsoho, don haka ba ta barin su su zauna. Ran Litinin ludo da dara, inda wani tsohon ɗan sanda yake maguɗi a fili yana rantsuwa. Ran Laraba mata su kifa ƙwarya a bahon ruwa su yi ta kiɗa, a yi waƙar coci da yaren Margi, a yi ta biki da Fulatanci. Alhamis kuwa tawa ce. Bayan la'asar nakan zo da littafi, a shimfiɗa tabarmi a gindin mangwaro, a raba gyaɗa, in karanta musu babi ɗaya.

Ba sa barin in kai ƙarshen shafi lafiya. Wata kaka 'yar Michika, wadda mace da namiji duk "kai" take ce musu, takan tare ni:

"Kai yarinya, wannan saurayi naka ba shi da gona ne? Tun wancan mako yana ƙofar gidan mutane."

Mai randar nan Dada muke ce mata, Bafulatana siririya daga Mubi. Wata shida ta yi a gidan ba a ji muryarta ba sai a gaisuwa. Ranar da saurayin littafin ya sha turare ya zo zance akuya ta cinye masa wasiƙa, a ranar Dada ta yi dariya har ta riƙe ciki. Mama ta ja ni gefe ta ce kada in kuskura in fasa zuwa ko da Alhamis ɗaya, domin wannan dariyar ta fi duk ƙwayoyin da take ba ta.

Sai na lura da wani abu. Dada da mai farar hula, wanda ake kira Bappa, ba sa taɓa haɗuwa a gindin mangwaro. Wannan makon ta zo, shi ya tafi kasuwa. Mako mai zuwa ya zo, ita tana ciwon kai. In suka yi kiciɓis a hanyar rijiya, sai ta ja mayafi ta juya fuska ga bango, shi kuma ya duƙa har ƙasa ya yi gaisuwa can ƙasan maƙoshi. A littattafaina, duk inda aka ga haka an san maganar. Na kwana ina tsara musu biki a raina, har kalar ankon na zaɓa.

Wata Alhamis da take ta Dada, na tari Bappa a zaure zai fita, na ce masa yau ba ta jin daɗi, ba za ta fito ba. Ya yi murna, don an tsaya a wuri mai daɗi. Na riga shi shiga na fara karatu. Dada na tsakiyar tabarma, mayafi ya zame, bakinta cike da gyaɗa tana ƙyalƙyala dariya, sai ga shi tsaye a kanmu.

Ta rufe baki da hannu, ta tashi ta shige ɗaki, takalmanta ma a nan ta bar su. Bappa ya juya ya fice.

A kicin Mama ta warware mini. Bappa surukin Dada ne, mijin 'yarta ta fari, wadda ta rasu tun kafin gudun. Shi ya goyo Dada a bayansa ta cikin duwatsu har suka sami mota. Shekara talatin da wani abu bai taɓa ganin ta tana cin abinci ba, ba ta taɓa kiran sunansa ba. Rabon Alhamis ɗin nan ma ba su taɓa zama sun tsara shi ba, kowa ya san makonsa ne kawai.

"Ke da kika tashi a Jimeta," in ji Mama, "ba ki san kunyar Fulani ba sai ta littafi?"

Alhamis uku Dada ba ta fito ba. Na je ban haƙuri, ta tambaye ni lafiyar mutanen gidanmu ɗaya bayan ɗaya, ta sallame ni. Sai muka ji ta aika wa wani ɗan ƙaninta a ƙauyen Namtari ya zo ya ɗauke ta. Mama ta san gidan. Da asuba kowa yake tafiya gona, Dada za ta wuni ita da kaji. Ta ce in Dada ta tafi can, shirun nan zai dawo, kuma ba za ta ga damina biyu ba.

Tsohon ɗan sandan ne ya kawo dabara, wataƙila don ya saba da maguɗi. Ya sa aka sayo zana, aka kafa ta a bayan mangwaron, aka ajiye kujera a bayanta. Da Alhamis ta zo Bappa ya shiga can ya zauna. Mama ta tsaya daidai tagar Dada ta ɗaga murya:

"Jama'a, Bappa ya tafi kasuwa. Kuma ya ce daga yau duk Alhamis can zai wuni."

Muka jira. Can sai labule ya motsa. Dada ta fito, ta dubi zanar, ta dubi manyan ƙafafun da ke leƙowa ta ƙarƙashinta. Ta daɗe tana dubansu. Sannan ta zauna ta ba su baya, ta miƙa hannu aka zuba mata gyaɗa.

Na karanta. Da aka zo inda uban yarinya ya kori saurayin, sai aka ji tsaki daga bayan zana, wata murya ta ce ai uban ya yi daidai. Dada ta dubi kakar Michika ta ce:

"In akwai mai zuwa kasuwa a cikinku, ya gaya wa mutanen can su bari mu ji labari."

Ɗan sandan ya yi dariya har ya ƙware. Da ɗan ƙanin ya zo daga Namtari ran Asabar, Dada ta ce masa ya bari tukuna sai an ga ƙarshen littafin. Da muka gama na kawo wani, na sake kawo wani. Shekara huɗu muka yi a haka, har na yi aure ina zuwa da goyo. A ɗakinta ta rasu, da damina, bayan gajeriyar jinya.

Bappa ya jira aka yi sadakar arba'in, sannan ya ɗaure kayansa ya koma Mubi. Ashe tuntuni 'yan'uwansa suke kiran sa yana ce musu ba yanzu ba. Ya gyara shagonsa na ɗinki, ya ɗauki masu koyo. Bara Mama ta gaya mini ya auri wata bazawara mai sayar da daddawa, wai a cikin motar komawa suka haɗu, ita ta fara yi masa magana a kan ya matsa mata da buhunsa. Yana nan da ransa, idonsa ya ɗan yi rauni, ita take zura masa zare a allura.