Gashin da Aka Yanka Mini a Maruta

Ni ban yi boko ba, allon ma ban yi nisa ba. Amma abin da aka yi wa kaina ban manta ko sili ɗaya ba, kuma yadda ya faru haka zan faɗe shi.

A Wurno aka haife ni, ta ƙasar Birnin Kudu. Mahaifiyata jinin Fulani ce, sai dai Fulatancin ya riga ya bar gidansu, gashin ne kawai ya zauna. Shi ta bar mini. In na kwance shi har kugu yake sauka, ga santsi, bakinsa kuma ja-ja kamar an taɓa shi da jar ƙasa. Kitso ba ya zama a kansa. Yau a yi, jibi ya warware, ga ciwon kai a tsakani. Sai ta koya mini dabararta. Tsinke biyu na itacen kanya, a kankare su da wuƙa, a goge da man shanu har su yi sulɓi. Ki tattara gashin a ƙeya, ki murɗa shi kamar mai tufkar igiya, ki naɗe kamar gammo. Tsinken farko ki soka daga sama, ki ɗan ɗebo gashin da ke kwance a fata, ki juya ki tura ƙasa. Na biyu ya gitta na farko. Shi ke nan. Ki yi daka, ki ɗauki tulu, ki yi sujada, yana nan inda kika ajiye shi. Kada dai ki matse. In kin matse, kafin azahar wuyanki ya sage.

A shekarar da aka ce Turawa sun miƙa mulki aka kai ni aure Maruta, ta Gwaram. Mijina manomi ne, ba ruwansa da abin da ke ƙarƙashin ɗankwali. Uwarsa ce ta ga tsinkayen ranar da nake wanke kai.

Ta ce, "Ke 'yar nan, kirare kike ɗauke da su a ka? Matar aure a gidan nan da kitso aka san ta."

Ta aika ni wurin makitsiyar unguwa, wata mace mai faɗin baki da saurin hannu, wadda duk labarin garin ke bi ta zaurenta kafin ya isa kasuwa. Kun san yadda ake kitso. Ki durƙusa ki kifa fuska a cinyar makitsiya, ki ba ta ƙeyarki, ba ki ganin komai sai zanenta. Kuma al'ada ce, duk silin da ya fita a mashaci ta dunƙule ta damƙa miki, ki je ki binne abinki, don gashin mutum ba a barinsa a hannun wani. Kullum kuwa tana damƙa mini. Tana cewa, "Amarya, wannan gashi ya yi wa kai ɗaya yawa." Ni kuma in yi dariya, fuskata a cinyarta.

Sau uku na je. Bayan na ukun aka yi suna a maƙwabta. Akwai matar wani malamin gona da aka turo daga Birnin Kudu, ita matar ɗan gajeren gashi gare ta, kowa ya sani. Ranar ta zame ɗankwali don zafi, sai ga doka a kanta, ta tashi tsaye kamar tozon sa. Mata suka yi ta guɗa. Ni kuwa na tsaya ina kallon jelar da ta sauko mata a bayan kunne. Bakinta ja-ja.

Na koma gida na tsefe kaina kaf. Na kai hannu ƙeya, can ƙasa inda kitso ke rufewa, sai yatsuna suka faɗa fili. Faɗin tafin hannu, an share shi da reza.

Washegari na je na same ta da mata cike da zaure. Na ce, "Inna, ina gashina?"

Ko hannunta bai tsaya ba. Ta ce, "Wane gashi? Ni da na rufa miki asiri? Jama'a, makero ne ya ci mata ƙeya, na gani na yi shiru. Ku dai ku kula da mashatanku."

Makero. Ciwon nan da ke cinye gashin yara ya bar fata fari. Kafin la'asar ya zama sunana. Mai makero. In na zauna a tabarma a matsa. In na miƙa hannu zan ɗauki jariri, uwarsa ta ce yanzu ya yi barci. Na ce wa uwar mijina ta duba da idonta, ta ce in rufa wa kaina asiri, baƙuwa ba ta ja da 'yar gari. Matar malamin gona kuwa aka ɗauke mijinta zuwa wani wuri, ta tafi da gashina a kanta.

Daga ranar ban sake kifa fuskata a cinyar kowa ba. Na ciro tsinkayena. Uwar miji ta yi faɗa har ta gaji. Gashin ya tsiro ya cike gurbinsa, amma sunan bai tafi ba, sai aka ce magani na samu. Na haifi 'ya'ya biyar ana kirana da shi a bayan ido. In mun haɗu da makitsiya a rijiya ina gaishe ta, in durƙusa har ƙasa. "Ina kwana, Inna?" Ta amsa tana kallon gefe. Ban zage ta ba, ban kai ta wurin kowa ba. Jira nake yi. Ban san me nake jira ba, amma na san Allah ba ya barin irin wannan a rufe.

Sai zamanin nan ya zo da kwalta ta shigo, rediyo ya cika gidaje, mutane suka fara tafiya Makka a jirgin sama. Ɗan makitsiya ya samu a harkar mota, ya ce uwarsa za ta sauke farali. To, mai tafiya hajji sai ya bi gida gida yana neman gafara, don ba a zuwa wurin nan da haƙƙin mutum a wuya. Kowa kuma amsa ɗaya yake bayarwa tun kafin a rufe baki: ba komai, mun yafe, a yi mana addu'a.

Da hantsi ta shigo gidanmu, da 'yan rakiya wajen goma. Ta tsufa, hannun nan mai sauri ya yi nauyi. Ta gaisa da kowa, ta zo kaina.

"'Yar nan, zan tafi. In na taɓa yi miki wani abu, da sani ko ba da sani ba, ki yafe mini."

Na ce, "Wane abu, Inna?"

Wata daga cikin 'yan rakiya ta ce, "Haba ke kuwa, ai ba a tambaya."

Na ce, "Ni ba na yafe abin da ba shi da suna. In babu, ta tafi lafiya, me za a yafe? In akwai, ta faɗe shi."

Ta ce, "Zaman tare ne, ba a rasa saɓani."

Na ce, "Ba mu taɓa saɓani ba. Kullum ni ke gaishe ki."

Ta juya kamar za ta fita. Ta kai bakin ƙofa ta tsaya. Na san abin da ya tsayar da ita, ba ni ba ce. Ta dawo ta zauna a ƙasa, ta ce a hankali, "Na yanki gashinki."

Na ce, "Kunnena ya yi nauyi, Inna."

"Na yanki gashinki! Na ƙara wa wata da shi."

"Makeron fa?"

Ta ce, "Ba ki taɓa yin makero ba."

Na dubi matan nan ɗaya bayan ɗaya. Babu wadda ta iya haɗa ido da ni. Wata har ta fara cewa ita dama tun farko ba ta yarda ba, na ce ta bari, ba ranarta ba ce.

Na ce, "Na gashin na yafe miki, gashi ne, ya tsiro. Amma shekarun da aka ƙi miƙo mini jariri, wannan ba zan ce na yafe ba bakina yana faɗar abin da zuciyata ba ta faɗa ba. Ki tafi da shi. In kin isa can ki faɗa wa Mai ɗakin, yadda kika faɗa a nan."

Ta tashi da ƙyar, aka riƙe ta aka fita da ita. Liman ya aiko matarsa ta yi mini nasiha, na saurara har ƙarshe, na ba ta ruwa ta sha. Makitsiya ta je ta dawo, aka koma kiranta Hajiya, ta ƙara shekara shida a duniya. Ranar da ta rasu na je gaisuwa kamar kowa. Na zauna a tsakiyar tabarma, aka miƙo mini jikarta na riƙe.