Sunan da Aka Ɗora wa Gurmin Yaya Bala

Shekara goma sha ɗaya ke nan da rasuwar Yaya Bala, yayana uwa ɗaya uba ɗaya. Duk lokacin da watan rasuwarsa ya zagayo, abin da nake yi bai wuce in sa a soya waina a raba sadaka a layinmu na Tudun Wada ba, in yi masa addu'a, in koma harkokina. Ban taɓa rubuta komai a kansa ba, duk da cewa koyar da rubutu a firamare ne aikina har na yi ritaya. Bana dai na ɗauki biro, kuma ba alfahari ne ya sa ni ɗauka ba. Kunya ce take cina, na ga in ban faɗe ta ba ba za ta bar ni in sake ba.

Yaya Bala ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri, lokacin da masaƙun suke da rai. Ranakun hutu kuma makaɗin gurmi ne. Ga matasan da ba su taɓa ganin gurmi ba, ƙoƙon duma ne da aka rufe da fata, da ɗan sanda, da tsirkiya biyu, ba shi da wani kwarjini a ido. Da shi Yaya yake bin wani mawaƙi gidajen biki, daga Makera har Unguwar Mu'azu. Kowa ya san yadda harkar take a wurinmu. Makaɗi ba ya tafiya shi kaɗai. Ga mawaƙi, ga 'yan amshi, ga sanƙira yana ƙwala sunan duk wanda ya miƙe, ɗan wane jikan wane, ana liƙi ana guɗa. Kiɗan kansa tabarma ce kawai da ake shimfiɗa wa sunayen mutane su zauna a kai.

Rana ɗaya Yaya ya bar ƙungiyar. Ba faɗa, ba cacar baki. Mawaƙin ya yi ta aike har ya gaji. Ni da ba na iya barin magana a ciki, na tare shi a tsakar gida na ce, "Yaya, wai me suka yi maka ne?"

Ya ce, "Ba su yi mini komai ba, Asabe. Kunnena ne ya gaji. Shekara da shekaru ina kaɗa abin nan, amma ban taɓa jin muryarsa ba, sai sunayen mutane."

Na yi masa dariya har da riƙe ciki. Shi kuwa ko murmushi bai yi ba.

Daga nan ya sake salon kiɗansa gaba ɗaya. Ya daina fizgar tsirkiya da farce kamar yadda kowa yake yi. Sai ya kwantar da gurmin a cinyarsa, ya riƙa taɓa tsirkiyun da kan yatsun hannu biyu, yana ɗan bubbuga su a jikin sandan, ɗaya hannun na tafiya, ɗayan na amsa masa. Sautin ba ya zuwa nesa. In ana daka a maƙwabta, shi ke nan, ba ka ji. Bayan la'asar yake zama a zaure, ba waƙa, ba amshi, ba kowa a gabansa. Wani lokaci ya yi ta tafiya a hankali, sai ya tsaya cik, ka ɗauka ya gama, ashe tsayawar ma cikin kiɗan take. Mutanen unguwa suka sa masa ido. Wasu suka ce ya tuba ne amma ya kasa yar da abin, wasu suka ce iska ce ta taɓa shi. Ni na raɗa wa abin suna kiɗan sauro, sunan kuwa ya bi gidan.

Da masaƙa ta rufe, kowa ya zaci zai koma gidajen biki, don ga iyali. Sai ya kama gyaran keken ɗinki a bakin titi. Akwai shekarar da wani mai neman kansila ya zo har zaure da jama'arsa, yana so Yaya ya raka mawaƙinsa yawon kamfen. Ina daga ciki ina jin su. Yaya ya sa aka kawo musu ruwa, ya ce, "Alhaji, in zama za ka yi ka saurara, bismillah, ga tabarma. Amma ita wannan ba ta iya faɗin sunan kowa ba." Mutumin ya kaɗe babbar rigarsa ya fita. Matar Yaya, Allah ya jiƙanta, kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Mutum ɗaya ne na san yana zama ya saurare shi tun daga farko har ƙarshe, shi ne Bitrus, abokin aikinsa na masaƙa, mai kaɗa jita a cocinsu a Unguwar Boro. Ranar Lahadi in an tashi daga coci sai ya hawo babur ya zo. Har a shekarun da mutanen Kaduna suka riƙa tsoron shiga unguwannin juna, Bitrus bai daina zuwa ba. Ya zauna ya jingina da bango ya lumshe ido. Shi ne ya taɓa zuwa da rikoda ya ɗauki kiɗan a kaset, kuma iyakar abin da aka taɓa ɗauka na Yaya ke nan a duniya. Ranar addu'ar bakwai ya miƙo mini kaset ɗin da hannu biyu, ya ce, "Malama, ki ajiye wannan da kyau. Babu wani irinsa." Na karɓa na sa a ƙasan akwati, ƙarƙashin atamfofi.

Bara, Nasiru, ɗan Yaya na biyu, ya zo mini. Yana da ɗan situdiyo a Unguwar Mu'azu inda yake haɗa wa mawaƙa kiɗa da kwamfuta. Ya ce in ba shi kaset ɗin ya mayar da shi cikin waya kafin ya lalace. Na ji daɗi ƙwarai, na sa masa albarka, na ce ashe dai Yaya ya bar baya.

Watan jiya aka yi bikin 'yar wata tsohuwar abokiyar aikina. Ranar kamu aka kafa lasifika a tsakar gida, mai kiɗa ya saki wata waƙar siyasa da ta cika gari. Kun san ta. Duk Keke Napep ɗin da ka shiga ita ce, duk mai shayi ita ce, yara ma ita suke rerawa a hanyar makaranta. Ta wani ɗan takara ce, kuma ba zan rubuta sunansa ba, an faɗe shi ya isa haka nan. Waƙa ce mai shiga jiki, ba zan yi ƙarya ba. Tsofaffin malamai muka miƙe, ni da ciwon gwiwata har da juyi. Ina cikin rawa wata mata ta kamo hannuna tana murna, ta ɗaga murya don in ji, ta ce, "Malama, barka! Ashe gurmin yayanki ne a ƙasan waƙar nan. Ɗansa ne ya haɗa. Kai, marigayi ya yi suna!"

Na tsaya cak. Na kasa kunne, sai ga shi kuwa. Can ƙarƙashin ganguna da fiyano da ihun 'yan amshi, yatsun Yaya ne, an ƙara musu sauri, suna ta maimaita abu ɗaya, kuma daidai inda kiɗan yake juyawa, nan mawaƙin yake sauke sunan ɗan takarar. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mata suka kewaye ni suna guɗa, wata har da liƙa mini. Ni kuwa abu biyu ne suka haɗu suka danne ni. Mutumin da ya zaɓi gyaran keken ɗinki a rana don kada a ɗora wa gurminsa suna, ga shi an ɗora masa, kuma jininsa ne ya ɗora. Sannan ni ƙanwarsa, makonni ina jin waƙar nan a gari ban gane hannunsa ba, har na taka rawa a kai. Na nemi mayafina na sulale ko sallama ban yi ba.

Washegari da hantsi na dira a situdiyon Nasiru. Ɗan ɗaki ne da aka liƙe bangonsa da soso, zafi kamar gidan burodi. Ya durƙusa ya gaishe ni, na amsa a daƙile. Na ce ya kunna waƙar. Ya kunna. Na ce ya cire mawaƙin. Ya taɓa wani abu, murya ta ɓace. Na ce ya cire 'yan amshi, ya cire ganguna, ya cire fiyano. Abin da ya rage ɗan guntu ne, bai fi a ja numfashi biyu ba, yana ta zagayowa.

Na ce, "Ina sauran?"

Ya ce, "Yana nan, Gwaggo, ban goge ba. Nan ɗin ne kawai ya hau kan kiɗan. Sauran ya cika sanyi, ga Baba sai ya yi ta tsayawa."

Na buɗe masa wuta. Na tuna masa wane ne ubansa, na ba shi labarin mai neman kansila, na ce ya tozarta mu, ya sayar da abin da mai shi ya ƙi sayarwa yana da rai. Yana sunkuye har na gama. Sannan ya ɗago, ba tare da rashin kunya ba, ya ce, "Gwaggo, ki yi haƙuri, zan yi tambaya. Shekara goma kaset ɗin nan yana wurinki. Sau nawa kika sa shi?"

Ko sau ɗaya ban taɓa sa shi ba.

Ya ce, "Wallahi ba don in ɓata miki rai ba ne. Ni tun ina yaro nake jin ana ce wa abin nan kiɗan sauro. Babu wanda ya taɓa ce mini abu ne mai daraja. Yanzu ko'ina a Kaduna ana jin hannun Baba. Ni a ganina na fito da shi ne."

Na zo da niyyar in kunyata yaro, sai ga shi ni ce na fito ina laluben ƙofa. Kafin in tafi dai na sa ya tura mini kiɗan gaba ɗayansa a waya, zallarsa, yadda Bitrus ya ɗauka.

Tun daga ranar nake tambayar kaina abin da Yaya zai ce da yana nan. Na san ba zai yi faɗa ba, bai iya ba. Zai dubi Nasiru ne ya yi shirun nan nasa da muke tsoro fiye da bulala. Amma anya Nasiru kaɗai zai duba? Garin nan yanzu ba inda za ka zauna ka ji ƙaramin sauti. Janareta a hagu, lasifika a dama, kowa da waya a hannu tana ihu. Kuma har yau ba mu san yadda ake sauraron kiɗa don kansa ba. Sai an kira wani, sai an zuga wani, sai mun ji wa ake yi wa kafin mu san ko ya yi daɗi. Yaya ya gano cewa akwai wani abu a cikin tsirkiya biyu da ya fi wannan zurfi, ya bar abin da ake tafa masa ya bi shi, shi kaɗai. Ni ban san sunan abin ba. Na dai san in ya tashi daga zauren nan fuskarsa takan yi irin ta wanda ya idar da nafila. Mu da muke gida ɗaya da shi muka bar wa baƙo daga Unguwar Boro aikin saurare.

Ban iya zuwa wurin Bitrus ba har yanzu. Ya tsufa, an ce ba ya fita sosai. In ya tambaye ni ajiyarsa, da wane ido zan dube shi?

Ranar da shekara goma sha ɗayan ta cika, bayan an raba waina, na jira la'asar ta yi. Na rufe ƙofa da taga, na kashe fanka, na zauna a kan tabarma na kunna kiɗan. Karo na farko ke nan a rayuwata da na zauna musamman don in ji yayana. Ashe haka abin yake. Yatsun suna tafiya a hankali kamar mai lallashin jariri, ɗaya hannun ya yi tambaya, ɗayan ya ba da amsa, sai shiru, har kana jin numfashinsa, da kukan wata akuya can nesa a Tudun Wada ta wancan lokaci. Hawaye suka zubo mini, ban share ba. Na ce a raina, to, ko ba komai wannan ya tsira, yana nan yadda ya bar shi, ba sunan kowa a kai.

Sai kiɗan ya iso wurin nan da yake juyawa. Ba mawaƙi, ba ganga, ba kowa a ɗakin sai ni. Amma na ji leɓɓana sun motsa da kansu, sun faɗi sunan ɗan takarar, daidai inda ake faɗinsa. Na mayar da shi baya na sake kunnawa, na danne bakina da hannu. Sunan ya fito a cikin kaina.

Allah ya jiƙanka, Yaya, ya sa ka huta. Ka bar mana abinka da tsarkinsa, shekara goma yana jiran kunne a ƙasan akwati. Da na zo saurare, na tarar na riga na makara.