Yadda Aka Hana Alfadarar Meliton Hanya

Meliton Yescas ba mutum ne mai daɗin sha'ani ba, gara in faɗa tun yanzu kafin wani ya ce na shafa masa mai. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, gaisuwa ma sai ya ga dama yake amsawa. Amma duk garinmu San Isidro Yabeo babu mai musun cewa hanyar da ta haura dutse ta ratsa dajin gajimare ta sauka gonakin kofi na can baya, da guminsa aka yi ta.

Ubansa ɗan dako ne. Yana shekara tara aka ɗaura masa mekapal, igiyar nan mai faɗi da ake sa wa a goshi kaya na rataye a baya, kuma ta ci masa goshi har ta bar gurbi inda gashi bai sake fitowa ba. Da ya auri Otiliya, gari ya yanka masa gona a bayan dutse, tafiyar awa uku, babu hanya sai sawun barewa cikin laka da saiwoyi. Shekara huɗu yana damun taron gari da maganar hanya, har mutane suka riƙa cewa ga Sarkin Hanya nan ya miƙe, ku toshe kunne. Don su huta aka sa aikin gayya. Rani biyu ana sara da adda ana jera duwatsu, shi ne na farkon zuwa, shi ne na ƙarshen tashi, a nan dutse ya datse masa kan yatsa. Ranar da aka gama ya sayi alfadara, ya jefa mekapal a bayan rumbu, ya ce wa Otiliya goshinsa ya gama bauta.

Shekara arba'in yana bin hanyar nan. Alfadara ta farko ta mutu da tsufa, ta biyu maciji ya kashe ta, ta uku ita ce Paloma, jar dabba mai taurin kai irin na maigidanta. 'Ya'yansa biyu suka tsallaka Amurka, sai murya a waya. Da ciwon ganye ya faɗa wa kofi, maƙwabtan gonarsa suka watse ɗaya bayan ɗaya, shi ya tsaya ya sare ya sake dasawa. A ƙarshe babu mai noma a bayan dutse sai shi kaɗai, ya wuce sittin da biyar, kuma gonar nan ita ce cinsa, ita ce shansa.

Sai ga baƙi.

Ubaldo, ɗan ƙanwarsa Remedios, shi ne ya kawo su. Ya yi karatu a birni ya dawo da takardu da baki mai zaƙi, aka naɗa shi shugaban kwamitin baƙi. Ba zan ce mugun yaro ne ba, amma irin mutanen nan ne da za su taka ka suna murmushi suna tambayarka lafiyar ƙafa. Aka gina ɗakunan katako a bakin daji, aka kafa alluna, mutane suka fara zuwa daga nesa da sanduna bibbiyu da takalma masu tsada, wai sun zo ganin gajimare yana shiga tsakanin itatuwa. Abin da muke zagi kullum don yana hana wanki bushewa, shi ake hawa jirgi a zo kallo! Meliton bai kula su ba. In sun haɗu a hanya sai ya ce, "A ba da wuri," da yarenmu, Paloma ta bi ta tsakiyarsu.

Wata rana wata baƙuwa ta taka kashin Paloma ta zame ta zauna daɓas a laka. Ko ƙwarzane ba ta yi ba, amma ta rubuta ƙorafi, kuma abin da baƙo ya rubuta ya fi abin da ɗan gari ya faɗa nauyi. Bayan kwana uku Ubaldo ya zo gidan, hula a hannu, ya tarar da tsohon yana gyara sirdin kaya.

"Kawu, an wuni lafiya? Ya jikin Inna?"

"Faɗi abin da ya kawo ka. Ba ka cire hula a banza."

"Kai Kawu, ba ka canzawa. Kwamiti ne ya zauna. An ce daga Disamba zuwa Maris dabba ba za ta bi hanyar sama ba. Lokacin baƙi ne, kofato yana farfasa hanya, ga ƙazanta."

Meliton ya ajiye basilla. "Disamba zuwa Maris. Kai, ɗan Remedios, yaushe ake tsinkar kofi a garin nan?"

Ubaldo ya sosa ƙeya. "Na sani, Kawu."

"Ka sani. Da kofin da ya bi ta hanyar nan a bayan alfadara aka saya maka takalmin makaranta. Ko an ce maka da fiffike yake saukowa?"

"Na ɗan lokaci ne. In taron gari ya zauna a Fabrairu ka kawo kukanka, ni da kaina zan ba ka dama ka yi magana."

"Za ka ba ni dama," in ji Meliton, ya maimaita a hankali kamar mai tauna tsakuwa a cikin wake. Otiliya ta leƙo daga madafa ta ce yaron ya tsaya ya ci tortiya, wainar masarar nan tamu, mai zafi, Ubaldo ya ce ana jiransa.

Wanda bai san kofi ba zai ce ai sai a bari baƙi su tafi. Kofi ba ya jira. In ya nuna ja ba a tsinke ba, zubewa yake, in an tsinke ba a ɓare shi a ranar ba, tsami yake yi ya lalace, kuma injin ɓarewa da ruwan wanki suna cikin gari. Paloma tana sauko da buhu biyu a tafiya ɗaya. Meliton ya kai ta bakin hanya sau ɗaya, ya tarar an kafa ƙofar katako da kwaɗo, da 'yar kafa a gefe daidai mutum ɗaya. Ya daɗe yana kallon kwaɗon. Karya dokar gari ba abin wasa ba ne a wurinmu, ana iya karɓe wa mutum gona a kai. Ya mayar da dabbar gida, ya shiga bayan rumbu ya tono tsohon mekapal, ɓeraye sun ci gefensa.

"Za ka kashe kanka, tsoho," in ji Otiliya.

"Zuwa Fabrairu ne. Waɗanda muka fasa duwatsun nan tare ba su mutu duka ba."

Haka ya yi wata biyu. Rabin buhu yake iya ɗauka, awa huɗu yana hawa yana sauka cikin yayyafi. A gona kuwa kofi yana zuba ƙasa yana baƙi, yana ji yana gani. Kullum in ya dawo Paloma tana ɗaure a gindin lemo ta yi ƙiba, tana kallonsa. Ya ce wa Otiliya wannan kallon ya fi kayan ciwo.

Wata Asabar ya fito daga wata kwana cikin farin gajimare, a duƙe, jijiyoyin wuya a miƙe, sai ya yi kiciɓis da ayarin baƙi. Nan take wayoyi suka tashi sama ana ɗaukarsa hoto. Wani ma har da tafi. Ba shi da numfashin zagi, ya wuce.

Ranar taro ya sa farar rigarsa ta coci. Ya miƙe a gaban mutum ɗari da wani abu ya yi magana gajera, ya ɗaga guntun yatsansa, ya kira sunayen waɗanda suka yi aikin gayya, rayayyu da matattu. Ya ce ba sadaka ya zo nema ba, hanya ce, don kofi aka yi ta. Tsofaffi suna gyaɗa kai, har ya ji zuciyarsa ta ɗan kwanta.

Sai Ubaldo ya warware wata babbar takarda ya ɗaga. Hoton Meliton ne cikin gajimare, igiya a goshi, baki a buɗe. Ya ce hoton ya zaga duniya, ɗakunan baƙi sun cika har bikin Ista, kowa tambayarsa a ina za a ga wannan dattijo. Ya ce, "Jama'a, wannan ita ce al'adarmu, ita suke zuwa gani. Alfadara ai ko'ina akwai ta." Wallahi da bakinsa ya faɗa, yana kallon kawunsa da fuskar wanda ya kawo kyauta.

Aka ce masu son a buɗe wa dabba hanya su ɗaga hannu. Meliton ya waiwaya ya nemi Gaudensiyo, amininsa, wanda ya riƙe masa ɗan fari a coci ranar baftisma, wanda suka ɗaga dutsen da ya cinye yatsan tare. Gaudensiyo yana duban igiyar takalminsa. 'Yarsa ce ke dafa wa baƙi abinci, jikansa ke yi musu jagora. Kusan kowa a ɗakin yana da irin wannan dalili, ni ma da nake ba ku labari ina da nawa, kuma ban ɗaga ba. Hannu huɗu suka tashi, har da na Meliton.

A bakin ƙofa Ubaldo ya tare shi. "Kawu, kada ka ɗauka da zafi. Kwamiti ya yi tunaninka. Duk Asabar ka ɗan ɗauko buhu daga kwanar nan zuwa ƙofa, minti goma kacal, a sallame ka. Ba ma sai da kofi ba, busasshen ɓawo za mu cika maka, ba nauyi."

Meliton ya tofar da yawu kusa da takalmin yaron ya tafi.

Kakar ta ƙare da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ya saba samu. Ya sayar da Paloma ga wani mai itace daga kwari, bai fito ba lokacin da ake jan ta, Otiliya ce ta miƙa igiyar. Da damina ta zo gwiwarsa ta hana shi hawa yin sharar gona, ciyawa da kurangar daji suka rufe kofin da ya dasa da hannunsa. 'Ya'yan suka ce aiki ya yi wuya a can, babu abin aikowa. Otiliya ta fara auna masara da ƙaramin kwano, tana cewa ita ba ta jin yunwa. Wannan ƙaryar ce ta karya shi.

Asabar ta farko a Disamba ya je kwanar da farar safiya. An ajiye masa buhu, ƙato, a cike fam da ɓawo. Ya sa igiya a goshi ya miƙe, abin ko nauyin kaza bai kai ba. Muryoyin baƙi suna matsowa daga ƙasa. Ya fara takawa, kai a sama, baya a miƙe, irin tafiyar da ya yi shekara arba'in a gaban alfadararsa.

Ubaldo ya biyo shi da sauri, ya kama masa hannu, ya rage murya don kada a ji.

"Kawu, don Allah ɗan duƙa kaɗan. Za su gane ba nauyi."

Meliton ya dube shi. Ya dubi hanyar, kowane dutse ya san ranar da aka dasa shi. Sannan ya duƙa.